Gashin Lamba Sittin da Uku

Ranar Litinin da safe Farfesa ya ɗora yatsa a kan allon kwamfuta ya ce, "Malama, wannan ɗigon shi ya tsaya miki a maƙogwaro. Ki san yadda za ki yi da shi kafin Juma'a."

Na sunkuya na duba. Ɗigo saba'in da tara suna zaune inda hankali zai ɗauka, guda ɗaya kuma ya haye can sama shi kaɗai kamar akuyar da ta hau katanga. A gefensa an rubuta lamba sittin da uku.

Shekara bakwai ke nan ina fama da wannan digiri na uku. Jami'a ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, har ta aiko mini da takardar wa'adin ƙarshe: in ban miƙa kundina ranar Juma'ar nan ba, za a soke sunana. A gidanmu har suna aka raɗa mini, Saura-Ƙiris, don duk wanda ya tambaye ni yaushe zan gama, amsar da yake samu ke nan. Tun ina dariya in an kira ni da shi har na daina.

Aikin nawa a baki ba shi da wuyar faɗa. Akwai wata unguwa da ke jikin wurin fasa dutse, inda injuna ke ruri tun fitowar rana har faɗuwarta. Muna so mu gano ko ƙarar nan tana cin matan unguwar ta ciki. Tambaya kaɗai ba ta wadatarwa, don mace ko gidanta na cin wuta, in ka ce mata ya gida, lafiya lau za ta ce maka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to mu fuskar ma ba mu yarda da ita ba, gashi muke tambaya. Idan mutum yana cikin damuwa jikinsa yakan fitar da wani sinadari da ake kira kotizol, gashi kuma yana ɗaukarsa ya ajiye yayin da yake tsirowa. Kusan santimita ɗaya yake yi a wata. In ka yanko uku daga tushe, ka samu labarin wata uku na rayuwar mai shi.

Mata arba'in muka ɗauka daga unguwar ƙara, arba'in daga wata unguwa mai shiru, don a kwatanta. Na unguwar ƙara ba su ba ni wahala ba, su da kansu suke tuɓe ɗankwali suna cewa in yanka in kai wa hukuma ta gani. Na unguwar shiru su suka sa na san Allah ɗaya ne. Wata ta ce sai mijinta ya dawo, wata ta ce ita ba ta ba da gashinta a je a yi mata abin da ba ta sani ba, wata kuma ta leƙo ta taga ta ce ba ta nan. Wata biyar na yi ina buga ƙofofi da almakashi a jaka.

To ita lamba sittin da uku tana cikin rukunin shiru ne, amma awonta ya fi na kowace mace da ke kwana a gindin injin. Ita kaɗai ta ja lissafin rukuninta sama har bambancin da nake nema ya ɓace. Da ita a ciki, aikin shekara bakwai cewa yake yi ƙara ba ta yi wa kowa komai.

"Ɗayan biyu ne," in ji Farfesa, yana goge tabarau da bakin rigarsa. "Ko an yi kuskuren awo, ko matar ba ta cancanci shiga rukunin ba tun farko. Ko wanne ne, ga takardar cirewa. Ki rubuta lamba, ki rubuta dalili, ki sa hannu. Amma dalilin ya zama na gaskiya, don masu jarrabawa wannan shafin suke fara buɗewa."

"In kuma na bar ta a ciki, ranka ya daɗe?"

"Sai ki nemi wanda zai sa miki hannu a kundin da bai gano komai ba. Ni dai ba ni ba."

Na karɓi takardar na sauka ƙasa ɗakin gwaji. Ɗaki ne da ba shi da taga ko ɗaya, fitila a kunne kullum, ga warin sinadarin wanke gashi da ke kama tufafi har gida. In ka shiga ba ka sanin ko rana ce ko hadari. Mai kula da shi dattijo ne da kowa ke kira Baba Firji, saboda ran da duk wuta ta ɗauke ba ya tambayar lafiyar kowa sai ta firjin da ake ajiye kayan awo. Shi ke karɓar gashin a naɗe cikin takardar azurfa, ya cakuɗa, ya ba kowanne lamba, ya kulle littafin sunaye a aljihun tebur. Ƙa'idar aikin ke nan, don kada mai bincike ya san gashin wa ake aunawa har zuciyarsa ta sa masa hannu.

Na ce masa, "Baba, ana zargin kuskure a sittin da uku."

Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. "Wa ke zargin?"

"Lissafi ne ya nuna."

"Lissafi ya ci gidansu. Shekara ashirin da shida ina awo a ɗakin nan, 'yata. Tun kina firamare." Ya buɗe kabad ya lalubo ƙunshin, ya warware a ƙarƙashin fitila. Ragowar gashin na nan, baƙi da furfura a haɗe, an ɗaure tushensa da zare. Ya ɗora shi a kan rula. "Wannan ai yana da tsawo, ya kai santimita shida. Bari in yi miki abin da ya fi maimaici. Zan yanka shi gida shida, in auna kowane wata daban. In hannuna ne ya kauce, za a gani. Ki dawo jibi."

Jibi Laraba ke nan. Na ƙirga kwanakin da suka rage a yatsu kamar mai shirin biki, na fita raina a ɓace. Na tsani matar nan da ban sani ba. A mota ina ta raya ta a zuci: wata mai ƙiba a gida mai bishiyoyi, ba ƙara ba hayaniya, ta rasa abin yi sai ƙirƙirar damuwa don ta ɓata wa marainiyar Allah aiki.

Da na isa gida Umma na tsakar gida tana wanke wa 'yan biyuna ƙafa, ɗaya na kuka ɗaya na watsa mata ruwa. Shekararsu uku, kuma duk wanda ya ce yara rahama ne bai yi ƙarya ba, sai dai bai zauna da waɗannan na wuni guda ba. Shekara ɗaya ke nan muna gidanta. An tura maigidana aikin hanya can cikin daji, sansanin da ba a zuwa da iyali, uwarsa kuma tana kwance sai an juya ta. Kwalejin da nake koyarwa ta ce ba za ta ba ni gida a harabarta ba sai na dawo da digiri a hannu. Sai na kwaso yara da akwatunan littattafai na dawo inda na fito. Ɗakin Umma na karɓa, don shi ne mai tebur da wurin jona kwamfuta, ita kuma ta koma falo da yaran.

"Sannu da dawowa, Saura-Ƙiris," ta ce. "Yau ƙiris ɗin ya ragu kuwa?"

"Umma, don Allah yau ba na son wasa."

"To, Allah ya ba da haƙuri. Ku yi shiru, ku, Mamanku za ta yi karatu."

Na shige na turo ƙofa. Ina jin ta tana lallashinsu ƙasa-ƙasa, tana jan su can bayan gida don kada muryarsu ta iso ni. Haka take yi kullum, kuma ban taɓa jin wani abu a kai ba face daɗin samun shiru.

Ranar Laraba na tarar Baba Firji ya riga ya rubuta lambobi shida a jere a kan farar takarda. Yau bai yi mini kirarin shekarunsa na aiki ba.

"Duba nan," ya ce. "Wannan na can ƙarshen gashi ne, wata shida kafin a yanka. Lafiya lau. Na biyu ma haka, kamar na kowa. To ga na uku." Ya ja layi da biro. "Ya yi tsalle. Na huɗu ya fi shi, na biyar ya fi na huɗu, na tushe kuma shi ne wanda ya tsorata ku. Kuskure ba ya hawa matakala, 'yata. Wani abu ne ya faɗo wa baiwar Allah nan wata huɗu kafin ki yanki gashinta, kuma har ranar bai ɗaga ta ba."

"Kamar me?"

"Ina zan sani? Ko rasuwa, ko jinya, ko wani nauyi da aka ɗora mata. Ni dai abin da na sani, in an ga irin wannan, ƙa'ida ta ce a buɗe littafi a nemi mai shi a tura ta asibiti. Wata takwas ke nan da yankan. Allah ya sa tana nan ma."

Ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe tebur. Ya bi layi da yatsa har sittin da uku, ya juyo mini da littafin.

Sunan Umma ne. Sunanta na yanka, wanda ba mai kiranta da shi tun rasuwar kakata, da rubutun hannuna a takardar da aka manna.

Abin da na yi ke nan, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan wata biyar ina yawo a unguwar shiru, talatin da tara na samu. Farfesa ya ce in ba arba'in ba kada in hawo masa bene. Gidanmu kuwa a cikin unguwar yake. Wata ranar Asabar Umma ta tsefe kai tana tajewa a bakin ƙofa, sai na ce ta ba ni kaɗan daga ƙeya. Ta ce in dai zai sa in gama, in aske duka. Na san sarai takardar izinin binciken ta hana sa ɗan'uwan mai bincike, balle uwa, amma na ce wa kaina gashi ai gashi ne. Akwai kuma tambayoyi goma da ake yi wa kowace mace, na barci da ciwon kai da faɗuwar gaba. Ban yi mata ko ɗaya ba. Na zauna a teburinta na cike da kaina, don a ganina wa ya fi ni sanin uwata? A kowane layi na zaɓi amsar farko: ba ko kaɗan.

Na dubi ranar da aka rubuta, na ja baya wata huɗu. Ba sai na nemi kalanda ba. Watan da motar kaya ta sauke mu a ƙofar gidanta ne.

"Kin san ta?" in ji Baba Firji.

"Na san gidan," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya rufe littafin ya mayar ya kulle. "To ki je ki same ta. Ni aikina awo ne."

Na fito na zauna a kan matakalar bene da takardar cirewa a cinya. Kunya ce ta fara kama ni, sai tsoro ya biyo baya ya danne ta. Na juya maganar ta kowace fuska, ba ƙofa. In na rubuta gaskiya, cewa matar mahaifiyata ce, magana ta bar hannun Farfesa ta koma gaban kwamitin ɗa'ar bincike, wanda ba ya zama sai bayan wata uku. Kafin nan wa'adina ya wuce. In sun ji tausayina su ce in sake tattara rukunin shiru daga farko a gaban shaida, shekara guda ke nan ko fiye. In na bar ɗigon, ba mai sa mini hannu. In na rubuta kuskuren awo, na wuce, amma na shafa wa dattijon da bai taɓa kaucewa ba baƙin fenti, kuma na rantse a rubuce cewa abin da ke cin uwata bai faru ba. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Ranar ban iya yi mata magana ba. Na dawo na shige ɗaki kamar kullum, sai dai ban kunna kwamfuta ba. Na zauna ina sauraron gidan, karo na farko cikin shekara. Na ji sau nawa aka kira Kaka, na ji sau nawa ta tashi, na ji inda ta tsaya a tsakiyar magana ta ja numfashi kafin ta ƙarasa.

Ranar Alhamis na aro na'urar awon hawan jini daga ɗakin gwaji na dawo gida da azahar, lokacin da yaran ke barci. Na same ta a falo zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, ta ɗaure goshi da ɗankwali tamau.

"Yau kuma lafiya, da rana tsaka?"

"Miƙo hannunki, Umma."

"Na zama abin gwaji kuma? Gashin bai isa ba?"

Ta miƙo dai. Na naɗa mata a dantse, na danna, na'urar ta kumbura ta saki. Da na ga lambar sai na ce ta sake miƙowa, na canza hannu. Ba ta canza ba. Da a filin bincike na ga wannan a jikin wata, da ban bar ta ta koma gida ba.

"Umma, jininki ya hau sosai."

"Na sani."

"Kin sani?"

Ta nuna gwangwanin da take ajiye zare da allura a kan taga. Na buɗe. A ƙarƙashin zaren akwai katin asibiti da ƙwayoyi kala biyu, an sha fiye da rabi. Katin ya nuna wata biyar tana zuwa.

"Maƙwabciyarmu ke raka ni, in kin fita. Mukan tafi da yaran. Likitan ya ce magani ba zai yi aiki shi kaɗai ba sai na samu barci da hutu. Na ce masa to, zan saya a hanya."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Muryata ta tashi, don ni haka nake, in na ji kunya sai in yi faɗa.

"In gaya wa wa? Ƙofa?" Ta faɗa ba tare da zafi ba, ta kai hannu ta gyara wa ɗaya daga cikin yaran wuya. "Rage murya, kada ki tashe su."

Nan na zauna a gabanta na kwashe komai na faɗa mata. Ɗigon da ya haye sama, gashin da aka yanka gida shida, watan da abin ya fara, tambayoyin da na amsa a madadinta. Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ta saurara kamar ana ba ta labarin wata mata a wata unguwa.

"Ashe gashi ma gulma yake yi," ta ce. "Shekara sittin ina rufa wa kaina asiri, ashe magulmacin yana bisa kaina."

Na fito da takardar na shimfiɗa a kan tabarma, na karanta mata abin da ake so a cike. Na ce zan rubuta gaskiya, duk abin da zai faru ya faru. Har ga Allah a lokacin haka nake nufi, kuma na ji wani sanyi a raina da na faɗa, irin na wanda ya ga kansa mutumin kirki.

"Tsaya," ta ce. "In kin rubuta gaskiyar, sai yaushe za ki gama?"

"In sun yarda in sake, shekara ɗaya. Wataƙila da rabi."

"Kuna nan gidan?"

"Ina za mu, Umma?"

"In kuma kin rubuta ɗayan?"

"Wata biyu in kare kundin. Kwaleji ta ba ni gida, akwai wurin renon yara a ciki. Ki koma ɗakinki."

Ta dubi yaran. Sannan ta kwance ɗankwalin goshinta ta sake ɗaurewa, ta ƙara tamkewa.

"Ni ban yi boko ba, amma na san bambancin wata biyu da shekara. Ina son yaran nan fiye da idona, Allah shi ne shaida. Amma 'yar nan, ba ni da shekara a jikin nan. Na auna, ba da injinku ba."

Ban taɓa jin ta ce ba za ta iya wani abu ba. Ko da mahaifina ya rasu ba ta faɗa ba.

"Umma, ƙarya ce fa zan rubuta. A kanki. Kuma sunan bawan Allahn da ya yi awon zai ɓaci."

"Na ji. Ban taɓa koya miki ƙarya ba, yau ma ba zan buɗe baki in ce ki yi ba." Ta laluba cikin jakata da ke gefenta, ta ciro biro, ta ajiye shi a kan takardar. "Ni dai na gaji."

Na daɗe ina kallon layin da aka bari fari. Na nemi wata hanya ta huɗu, wallahi na nema, ban samu ba. Na ɗauki biron na rubuta sittin da uku. A gaban dalili na rubuta kuskuren awo, na sa hannu, na sa kwanan wata. Hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Umma ta leƙo takardar duk da ba ta iya karantawa.

"Shi ke nan? An cire ni?"

"An cire ki."

"To madalla."

Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya motsa ya fara kiran Kaka tun bai buɗe ido ba. Na yunƙura zan tashi, ta ɗaga mini hannu.

"Zauna. Ke je ki ƙarasa, gobe ce Juma'ar."

Ta dafa bango da hannu ɗaya, ta dafa gwiwa da ɗayan, sai a yunƙuri na biyu ta miƙe.